Landan zuwa Singafo: jirgin da ba ya tsayawa ko mai ya da zango?

Wanda ya buɗe shafin sayen tikiti yana neman jirgi daga filin Heathrow na Landan zuwa Changi na Singafo, zaɓi iri biyu za a jera masa. Ga jirgin da idan ya ɗaga daga Landan ba zai sake taɓa ƙasa ba sai Singafo, na Singapore Airlines ko British Airways ko Qantas. Ga kuma tarin waɗanda za su sauke shi a Dubai ko Doha ko Istanbul, ya jira, ya canza jirgi. Galibi na biyun sun fi sauƙin kuɗi, shi ya sa ido ke fara sauka a kansu. Na ɗauki waɗannan filaye biyu ne domin tafiyar tana da tsawo, hanyoyin kuma suna da yawa, har duk abin da ke shiga lissafin nisa da lokaci yana bayyana a cikinta. Wanda tafiyarsa ta wasu filayen ce, sai ya sauya sunaye da alƙaluma kawai.

Tsakanin filayen biyu akwai kimanin kilomita 10,900. Ba a kan taswirar bango ake auna wannan ba. Ɗauki ƙwallo ka ɗiga mata alama biyu, ka ja zare tsakaninsu har ya miƙe tsaf; inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Idan aka mayar da ita kan shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta fito a lanƙwashe, ka ce matuƙi zagaye ya yi. Laifin taswirar ne. Irin wadda Gerardus Mercator ya zana a 1569 don masu jiragen ruwa tana kumbura ƙasashen da suka yi nisa arewa da kudu, don haka layin da ya miƙe a kanta ba shi ne mafi kusa ba. Zaren Landan zuwa Singafo ya ratsa Jamus da Folan da Yukiren, ya bi ta wajen tekun Kasfiyan, sannan ya gangara Afganistan da Pakistan da Indiya.

To, amma jirgi ba ya bin zaren daidai. Tun Fabrairun 2022 sararin samaniyar Yukiren a rufe yake ga jiragen fasinja, Rasha kuma ta hana jiragen Birtaniya da na Tarayyar Turai ratsa nata. Dole jiragen suka koma bi ta kudu, ta Turkiyya da yankin Kokasas. A wannan hanya ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma a wasu hanyoyin ya yi ɓarna: jirgin Finnair daga Helsinki, babban birnin Finlan, zuwa Tokyo, wanda a da bai cika awa 10 ba, ya koma cin kusan awa 13, alhali biranen suna nan inda suke. Adadin kilomita da shafin intanet ke nuna maka nisan zare ne, ba nisan da jirgin zai yi ba.

Yanzu kawo Dubai cikin lissafi. Landan zuwa Dubai kimanin kilomita 5,500 ne, Dubai zuwa Singafo kuma kimanin 5,850. Jimilla 11,350. Ta Doha, kimanin 5,250 a zangon farko da 6,200 a na biyu, wato 11,450. Ta Istanbul, kimanin 2,500 da 8,700, wato 11,200. Ka ga ke nan ƙarin nisan bai wuce kilomita 300 zuwa 550 ba, kashi 5 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Waɗannan biranen sun zauna kusan a bakin hanyar da ke haɗa Turai da kudu maso gabashin Asiya, kuma a kan wannan sa'ar wuri kamfanonin Emirates da Qatar Airways da Turkish Airlines suka gina kasuwarsu. Da da kilomita ake yanke hukunci, da babu abin muhawara.

Lokaci ne ke raba gardama. Jirgin zamani kan yi gudun kusan kilomita 900 a awa idan ya daidaita a sama, amma lokacin da aka rubuta a tikiti yana farawa ne daga sanda aka tura jirgin baya daga ƙofa, ya ƙare sanda ya tsaya a ƙofar wancan filin. A ciki akwai rarrafe zuwa titin tashi, da layin jiran izini, da hawa sama, da gangarowa, da shawagi idan titin sauka ya cika. Heathrow titi biyu kacal gare shi, ga shi yana cikin filayen da suka fi cunkoso a duniya, shi ya sa jirgin da ya iso da safe kan yi ta kewaya saman Landan kafin a ba shi dama. Lissafin da nake yi da ka shi ne in raba kilomita da 850, in ƙara rabin awa. Ga jirgin da ba ya tsayawa, wannan na ba da awa 13 da 'yan mintoci, kuma kusan haka jadawalin yake. Wanda ya ya da zango kuwa, wannan rabin awa sau biyu zai biya shi. Landan zuwa Dubai kusan awa 7, Dubai zuwa Singafo kusan 7 da rabi, ga jiran awa 2 ko 3 a tsakiya idan an dace. An tashi awa 17. Nisa ya ƙaru da kashi 4 cikin ɗari, lokaci ya ƙaru da kusan kashi 30. Wannan ma mai kyan ke nan, don cikin masu arahar akwai na awa 22, akwai na 26, inda za a ajiye ka ka kwana a kujerar filin jirgi.

Zuwa da dawowa ma ba ɗaya ba ne. Daga Landan kusan awa 13, daga Singafo kusan awa 14, a hanya ɗaya da jirgi iri ɗaya. Can sama, wajen kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas kamar kogi. Mai nufar gabas tana tura shi, mai nufar yamma tana tare shi. A tekun Atilantika aka fi ganin aikinta: a Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya taso daga Niyu Yok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da a jadawali take cin kusan awa 7. Don haka idan kana kwatanta tikiti biyu, kwatanta zuwa da zuwa, dawowa da dawowa.

Sai kuma agogo, inda mutane da yawa ke ruɗewa. Lokutan da ke kan tikiti na garin da ake ciki ne, na tashi agogon Landan, na sauka agogon Singafo. Singafo tana gaban Landan da awa 8 a lokacin sanyi, da awa 7 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sanda Birtaniya ke matsar da agogonta gaba. A ce jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare a Janairu, zai sauka ƙarfe 7 na yammacin gobe. Mai ƙirga da yatsu zai ce awa 21, alhali 13 ce. A dawowa abin sai ya juye: ya tashi Singafo ƙarfe 11 da rabi na dare, ya sauka Landan ƙarfe 5 da rabi na asuba, a ido awa 6, a zahiri 14. Nemi inda aka rubuta jimillar tsawon tafiya, ka kuma duba ƙaramar alamar +1 da ake maƙalawa gefen lokacin sauka, wadda ke nufin kwana ya juya. Mutum ya kama otal na ranar da ba ita ba saboda wannan 'yar alama, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Akwai wani tarko ƙarami. Jirgi na iya ɗaukar lamba ɗaya daga farko har ƙarshe amma ya tsaya a hanya. BA15 na British Airways daga Landan yake zuwa Sidni, sai ya sauka Singafo tukuna. Ga mai zuwa Singafo, jirgi ne da ba ya tsayawa. Ga mai zuwa Sidni, ana iya kiransa na kai tsaye tunda lambar ba ta canza ba, amma zai sauka, ya fita da jakarsa, a sake bincike, ya koma. Kada ka tsaya ga kalmar da aka yi talla da ita, duba wurin da aka rubuta yawan tsayawa.

Abin da alƙaluma ba sa nunawa shi ne yadda jiki ke karɓar tafiyar, kuma a nan ne nake ganin mutane suka fi yin kuskure. Awa 13 a kujera ɗaya abu ne mai ban tsoro idan aka faɗa da baki, sai mutum ya ga raba ta gida biyu rahama ce. Amma duba yadda zango mai awa 7 yake a ciki. Awa ta farko ta tafi wajen tashi da daidaitawa. Sai a turo keken abinci, a raba, a ci, a dawo kwashe tire. Kafin a kashe fitilu an ci awa 2. Saura awa ɗaya da rabi a sauka kuma za a sake kunna su, a ce kowa ya miƙar da kujerarsa, ya ɗaga labulen taga. Abin da ya rage na barci bai wuce awa 3 da rabi ba. Daga nan a tashe ka da ido jawur, ka rataya jaka, ka bi dogon baranda kana neman allon da ke nuna ƙofarka, ka shiga layin bincike, ka cire bel da agogo, ka zubar da ruwan da ka taho da shi daga jirgin farko. Bayan awa 2 a sake maimaita komai a jirgi na biyu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A jirgin awa 13 kuwa, bayan an gama hidimar farko akwai awa 8 cur da babu mai taɓa ka. Wanda ke iya barci a jirgi, wannan kaɗai ya isa ya sa ya biya bambancin.

Wanda ba ya iya runtsawa a zaune, ko mai ciwon baya ko gwiwa, lissafinsa daban. Shi sauka ya taka ƙasa, ya yi tafiyar rabin awa, ya wanke fuska a banɗaki mai faɗi, hutu ne na gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2007 cewa zama wuri ɗaya na awa 4 ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa kusan sau biyu, ko da yake haɗarin kansa ƙarami ne, kusan mutum 1 cikin 6,000. Sai dai a lura, kowane zango na hanyar Dubai ko Doha ya haura awa 4 ɗin, don haka ya da zango bai ɗauke wa kowa miƙewa ya taka a cikin jirgi ba. Wanda ya taɓa samun wannan matsala, da likitansa zai yi shawara kafin tikiti. Nau'in jirgi ma yana da tasiri: a Boeing 787 da Airbus A350 ana riƙe iskar ciki kamar ta tudu mai tsayin mita 1,800, a tsofaffin jirage kuwa takan kai kamar ta mita 2,400, kuma bayan awa 10 kai da maƙogwaro suna sanin bambanci.

Idan zango ya zama dole, ni Istanbul nake fara dubawa, ba don filinta ya fi na sauran ba, sai don yadda take raba tafiyar. Awa 4 ne zangon farko, wanda mutum zai yi ido biyu ba tare da wahala ba, sai zango na biyu mai kusan awa 11 da ke da wurin cikakken barci. Dubai da Doha suna yanka tafiyar kusan a tsakiya, wato gajerun dare biyu. Abin da ke rage wa Istanbul maki shi ne girman sabon filin, wanda aka kammala komawa cikinsa a Afrilun 2019: daga wata ƙofa zuwa wata tafiya ce sosai, jirgin ma kan daɗe yana rarrafe bayan ya sauka. A ɗaya gefen, Emirates da Qatar Airways suna da jirage da dama kowace rana a kan zangunan biyu, don haka wanda ya rasa ɗaya ba lallai ya jira gobe ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar da al'amura suka cakuɗe.

Kuma suna cakuɗewa. Kowane zango ƙofa ce da matsala za ta iya shigowa ta ciki. A Afrilun 2024 an tafka ruwan sama a Dubai irin wanda ba a taɓa rubuta kamarsa ba a ƙasar, titin jirgi ya zama tafki, aka soke jirage fiye da dubu, masu canza jirgi suka yi kwanaki a kan tayil. Wanda ya hau jirgin da ba ya tsayawa a wannan makon, a labarai ya ji. Ba sai an kai ga ambaliya ba ma. Na taɓa sayen tikiti mai jiran minti 55 a wani babban fili, ina ta murna na rage wa kaina zama. Jirgin farko ya makara da minti 25, abin da ba a ma kiransa makara a harkar. Aka sauke mu nesa da gini, muka jira bas, na yi gudu da jaka tana dukan ƙafata, na iso ƙofa ina haki. Ga jirgin nan ina kallonsa ta gilashi, ba a ma janye gadar ba, amma ma'aikaciyar ta girgiza kai, an rufe. Ƙofa ana rufe ta ne minti 15 zuwa 20 kafin lokacin da aka rubuta, don haka minti 55 ɗina tun asali 35 ne. Na zauna awa 9. Sauri ya haifi nawa. Tun daga ranar ba na karɓar jiran da bai kai awa 2 ba, ba na kuma son wanda ya wuce 4, sai idan zai kai tsawon da zan fita in ga gari. Turkish Airlines na da yawon buɗe ido kyauta cikin Istanbul ga masu jiran awa 6 zuwa 24, amma fita daga fili na nufin wucewa ta jami'an shige da fice, don haka sai ka tabbatar fasfonka ya ba ka dama ko kana da biza.

Abin da ya cece ni a ranar shi ne zangunan biyu a tikiti ɗaya suke, da lambar ajiya ɗaya. Kamfanin ya sa ni a jirgi na gaba ban ƙara ko sisi ba, akwatina kuma ta biyo ni. Da tikiti biyu daban-daban na haɗa da kaina, kamar yadda wasu shafuka ke haɗa wa mutane su nuna farashi mai ban sha'awa, da kamfani na biyu bai san da zamana ba: ban zo ba, kujera ta tafi, sau da yawa har da tikitin dawowa. A irin wannan haɗin kai ne za ka karɓi akwatinka a zango, ka shiga ƙasar, ka sake miƙa ta. Araha ba ta ado. Idan ka ga tikitin zango ya yi sauƙi fiye da kima, wannan za ka fara bincikawa.

To nawa ne bambancin kuɗin da ya isa a ɗauki zango? Ba ni da adadin da zai dace da kowa, amma ga yadda nake aunawa. Ɗauki abin da za ka rage, ka raba da awannin da za ka ƙara zuwa da dawowa. Idan zango zai ƙara awa 4 a zuwa da 4 a dawowa, awa 8 ka sayar. Duba ko kuɗin kowace awa ya yi maka. Cire abin da za ka kashe a filin jirgi kana jira, don can komai da tsada. Mai tafiyar kwana uku da taro a gabansa, kusan kullum jirgin da ba ya tsayawa ne nasa, domin kwana guda na gajiya ya cinye kashi ɗaya cikin uku na tafiyar. Ɗalibi da zai yi wata tara, awa 4 ba komai ba ce a wurinsa. Iyali mai mutum biyar kuwa bambancin sau biyar yake ninkuwa, sai dai wahalar ma haka, don tashin yaro daga barci a ja shi layin bincike da tsakar dare aiki ne. Dattijo mai buƙatar keken turawa, ko wanda bai taɓa tafiya ba kuma ba ya karanta allunan filin jirgi, ni ba zan sa shi canza jirgi ba matuƙar akwai wanda ba ya tsayawa. Duk wannan kuma ga wanda ke Landan ne. Mutumin Niyukasil ko Gilasgo, biranen arewacin Birtaniya, ba shi da jirgin da zai kai shi Singafo ba tsayawa, dole ya canza a wani wuri, kuma Emirates na tashi daga biranen biyu zuwa Dubai. A wurinsa zaɓin tsakanin zango a Landan ne da zango a Dubai, sai lissafin ya sake fasali.

Akwai dokar diyya da ta kamata a sa a ma'auni kafin a biya. Duk jirgin da ya tashi daga Birtaniya, ko na wane kamfani ne, yana ƙarƙashin dokar da ƙasar ta riƙe bayan ficewarta daga Tarayyar Turai. A tafiyar da ta wuce kilomita 3,500, idan ka isa a makare da awa 3 zuwa 4 kana da fam 260, idan ya wuce awa 4 fam 520, muddin laifin kamfanin ne ba yanayi ko wani abin da ya fi ƙarfinsa ba. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke, a wata shari'a da ta shafi Emirates, cewa idan tikiti ɗaya ne to a inda tafiyar ta ƙare ake auna makarar, ko da a wajen Turai aka rasa jirgi na biyu. A dawowa dokar ta fi ƙunci: jirgin da ke shigowa Birtaniya daga Singafo ko Dubai ko Doha sai idan kamfanin na Birtaniya ne ko na Tarayyar Turai take aiki a kansa. Wato daga Changi zuwa Heathrow, fasinjan British Airways yana da wannan kariya, na Singapore Airlines da ya tashi kusan lokaci ɗaya da shi a hanya ɗaya ba shi da ita.